Gabun Bana a Hancin Gwaggo

Mun tashi daga Madawa tauraron asuba bai faɗi ba, ni da ƙanen maigidana da jakai biyu ɗauke da gabu. An gama layya ke nan, shekara na shirin fita, ni kuwa da abu ɗaya a raina. Ku da ke tambayata me na je nema har Garhanga cikin wannan sanyi, ga shi.

Gabu dai kun san shi: ganyen albasa a daka, a dunƙula, a shanya. Sana'ar Innata ce, Allah ya jiƙanta. A kasuwar Garhanga akwai wata tsohuwa mai tuwon sayarwa, Gwaggo muke ce mata. Duk mai gabun da ya zo sai ta fasa dunƙule ɗaya ta shinshina kafin ta taya. Na Inna kaɗai take karɓa ba ta fasa ba. Tun da na gaji sana'ar kuwa, kowane zuwa sai ta fasa nawa a gaban mutane. Da shekara ta kama na ci alwashin kafin ta fita sai Gwaggo ta karɓi gabuna yadda take karɓar na Inna.

Hanyar Buza duwatsu ne jajaye, jaki na takawa kamar mai tsoron ƙaya. Mun wuce mutane suna fasa dutse a aikin hanyar Nasara, muka yi musu sannu. A kasuwar Buza yaƙin nan na Nasara da ake yi can nesa ya riga mu isa: yadi ya gagari talaka, har na ga wani dattijo ya zo taya zane ya koma da goro ɗaya. Mun sha fura mai tsami, ƙanen maigidana ya sha tasa ya taya ni da tawa ba a roƙe shi ba.

Daga Allakaye hanya ta hau tudu, shiru ko'ina sai ƙarar kofato. Rana ta ɗumama mini baya, warin gabu na tashi daga mangala, sai na riƙa ganin Inna a gabana da sandarta, tana waƙar dakanta. Na lissafa abin da shekara ta ba ni: jaki na biyu, rumfa tawa a Madawa, da sabon turmi, don na Inna ya tsage tun farkon sanyi. Duk wannan bai cika mini ciki ba, Gwaggo nake jira.

Na same ta bakin murhu, ta ƙara rama, idonta ya yi fari. Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mata ƙwaryar gabu. Ta lalubo dunƙule ɗaya. Sai na ji ƙas, ta fasa.

Ta daɗe da shi a hanci. Na ce, "Gwaggo, har yau ban isa ba?"

Ta ce, "Ɗiyata, ke kin ɗauka gwajinki nike yi? Uwarki nike nema. Kowane zuwa in na fasa sai in ji ta ciki. Wanga ko mai kyau ne, ya ɗara na bara, amma ba ta ciki. Naki ne. Kin sake turmi?"

Na ce na sake. Ta gyaɗa kai, ta ce a sauke mata mangala guda ba ciniki, ta zuba mini tuwo da miyar kuka. Na ci ina hawaye, ban san ko na murna ne ko na me ba.

Dawowa ban ga hanya ba sosai. Ƙanen maigidana yana ta yabon cinikin, ni ina tunanin shekara guda na yi ina neman a ce hannuna ya kai na Inna, ashe ranar da ya tsaya da kansa ita ce ranar da za ta fita daga kayana.

Da muka iso gida ko ruwa ban sha ba, na wuce bayan rumbu inda aka jingine tsohon turmin, maigida na cewa a faskara shi a yi wuta. Na durƙusa na sa fuskata ciki na shinshina. Inna na nan, kaɗan. Na ce masa kada wanda ya taɓa shi.