Injin Da Ba A Tayarwa A Cikin Harami

Lahadi: Saminaka zuwa Makka

Da ƙarfe biyar saura kwata na asuba na fito daga gidana a Saminaka, da jakar tufafi da wata 'yar ƙarama da ta fi ta nauyi. Umra ce ta kai ni, wannan gaskiya ne, amma ba zan ɓoye muku ba, akwai ta biyu. Ni mai gyaran injin yankan itace ne, kuma ina da cutar tara tsofaffi, manya-manyan nan da aka daina ƙerawa. Bakwai ke rataye a bangon shagona. Wani ɗan garinmu mai aikin gini a Makka ya turo mini hoton na takwas: injin mutum biyu, ɗaya a kai ɗaya a wutsiya, yana kwance a gidan wani dattijo a unguwar Nakkasa. Tun kafin in tafi na kafa ƙusoshi biyu a bango don tarbarsa. Matata Hajara ta dube su ta ce, "Malam, ka dai tuna wanda ya kira ka can. Ba injin ba ne."

Mun yi sallar asuba a tasha, mun shiga Kano ƙarfe tara da 'yan mintuna, bayan shingen bincike uku da ba wanda ya ɓata mana lokaci. A filin jirgi ma'aikaci ya buɗe 'yar jakar, ya ga fulogi da igiya da sifanu.

"Alhaji, Umra za ka ko gareji?"

"Duka biyu, ranka ya daɗe."

Ya yi dariya ya ce a haɗa ta da manyan kaya. Na ɗaura harami tun a Kano. Jirgi ya tashi ƙarfe ɗaya, muka sauka Jidda wajen magariba ta can, bas ta kai mu Makka cikin awa ɗaya da rabi.

Litinin

Na yi Umrata da safe. A kan wannan ba zan tsawaita ba: na ga Ka'aba, na yi kuka, na manta da akwai wani abu wai shi inji har aka yi la'asar. Hajara ma na yi mata addu'a, duk da baƙar maganarta.

Talata: Nakkasa

Ƙarfe takwas tasi ta ajiye ni a gindin tudu, sauran na hau da ƙafa. Rabin unguwar an rushe, gidan da nake nema kuma an yi masa jan rubutu a bango, alamar shi ma ya kusa. Mai gidan, Baba Hamza, a nan aka haife shi. Mahaifinsa ya zo Hajji daga Sakkwato ya zauna. Baba Hamza ya kai saba'in da wani abu, idonsa ya yi rauni, amma hannunsa da ya kama nawa har yanzu na ma'aikaci ne.

"Marhaba, ya Usta Sale. Tafaddal. A kawo ful da tamis."

Usta suke kiran gwanin gyara a can. Sai da na ci waken nan da burodi mai zafi, na sha shayi kofi biyu, sannan ya yaye buhun da ke rufe da injin. Jama'a, a tsaye nake amma sai da na durƙusa. Ƙirar Jamus ne, tsawonsa ya fi tsawona, ga mariƙin wutsiya da sauran fentinsa. Da shi mahaifinsa ke yanka itacen girkin alhazai a Arfa, shi yana kai, Baba Hamza yana wutsiya.

Ɗansa Faisal ya shigo, magidanci mai farar jallabiya, wanda Larabci ya fi Hausa sauƙi a bakinsa. Gidansa na bene mahaifin zai koma. "Abuya, ba wuri," ya ce wa mahaifinsa. "Asabar masu sikirab su zo, kalas." 'Yan gwangwan yake nufi.

Dattijon ya juyo wajena. "Ka ji dai. In ka sa ya yi magana kafin Asabar, naka ne, ka tafi da shi. In ya ƙi, to, ya mutu ke nan, a kai shi a narke."

Laraba: gyara

Da hantsi na baje shi a tsakar gida. Fistin bai kafe ba, na gode Allah. Tankin ya cika da tsohon mai da ya daskare kamar ƙaro. Na wanke shi, na wanke kafireta, na sa sabuwar igiya da sabon fulogi. Sarƙar kuwa Baba Hamza ya ce tasa ce. Ya ɗauko magagarin mahaifinsa mai ƙotar itace, yana lalubar haƙori ɗaya bayan ɗaya yana wasawa, bai tsallake ko guda ba.

Bayan azahar na zuba fetur da baƙin mai, na taka injin, na naɗe igiya a hannu, ina hangen wani reshen magarya da ya leƙo ta kan katanga. Sai na ji Baba Hamza ya damƙe mini wuyan hannu.

"La, la, ya waladi! Ina kake tsammani kake? Nan Harami ne."

Kunya ta kama ni. Na san ba a sare itacen Harami, ba a firgita tsuntsunsa, amma sabo ya riga ilmi zuwa hannuna. Ga tattabaru nan jere a kan katanga suna kallona. Na yi ta maza na ce, "Baba, ba zan taɓa reshen ba. Tayarwa kawai zan yi, in ji muryarsa. Ai ko busasshen itace malamai sun halatta."

"Na sani. Ba fatawa nake ba ka ba, al'adar Babana nake gaya maka. Tun da ya sayi injin nan bai taɓa tayar da shi ba sai ya wuce alamar iyaka. Ba a kaina za a fara ba."

Raina ya ɗan sosu. Mai gyara da kunne yake aiki, ga shi an toshe mini kunnen. Faisal kuma ranar Alhamis kaɗai zai samu fita da mota. Dama ɗaya ke nan, in ta kuɓuce sai 'yan gwangwan.

Alhamis: bayan Arfa

Ƙarfe shida da rabi muka ɗora injin a bayan a-kori-kura. Mun wuce alamomin iyaka, mun bar Arfa a gefe, fili fetal ba kowa sai bishiyoyi da masu shara. Kilomita kamar talatin daga gari muka shiga gonar wani abokin Faisal, inda wani ƙaton gungume ya daɗe a kwance.

Na yi bismilla na ja. Shiru. Na ja har sau goma sha biyu, ko tari bai yi ba. Na cire fulogi, ga wuta tana bayarwa, amma a bushe yake. Gumi ya jiƙa ni. Faisal ya dubi agogo, ya dubi mota.

Baba Hamza ya matso ya shafa gefen kafireta har yatsansa ya sami wani ɗan maɓalli. "Babana kan danna wannan sai mai ya ɗiga uku. Yana ƙirgawa da Sakkwatanci: guda, biyu, ukku."

Ni da injuna bakwai, ba ko ɗaya mai wannan. Na danna, muka ƙirga tare, na ja. Ya yi tari, ya yi shuɗin hayaƙi, sannan ya ɓarke da ruri har awakin gonar suka watse. Dattijon ya tsaya da kai a karkace, hawaye na bin gemunsa, yana murmushi.

Na nuna masa wutsiya, wurinsa na da. Ya girgiza kai, ya ɗaga murya. "Shekara ashirin ina can, ban taɓa riƙe kai ba! Faisal, kama wutsiya!"

Na tallafe masa nauyin ta ƙasa, ya riƙe hannuwan. Faisal ya kama yana ɗari-ɗari, har sarƙa ta nutse cikin itace, garin itacen ya yi masa feshi. Da gungumen ya rabu biyu na kashe injin. Faisal ya tsaya yana haki, jallabiyar ta koma ruwan ƙasa, bai kuma saki mariƙin ba.

"Abuya," in ji shi, "wannan ba sikirab ba. Baranda akwai wuri. Ni in koya."

Baba Hamza ya juyo inda nake. "Na yi maka alkawari, Usta. Naka ne."

Wallahi raina na sonsa. Na tuna ƙusoshina biyu, na tuna tafiyar da na yi. Na dubi hannun Faisal a kan mariƙin nan, na ce, "Baba, injin mutum biyu ne. Ni kuwa a shagona ni kaɗai ne."

A hanyar dawowa mun tsaya mun ci shinkafa da kaza a faranti ɗaya, Baba Hamza yana ta turo mini tsoka. Da muka iso Nakkasa ya sa magagarin mahaifinsa a aljihuna, ya dafe bakin aljihun don kada in yi gardama.

Lahadi da Litinin: komawa

Juma'a da Asabar na ba Harami su duka. Lahadi ƙarfe bakwai na safe bas ta kwashe mu zuwa Jidda, muka sauka Kano da la'asar, na kwana wajen ƙanena. Litinin da azahar na shiga Saminaka. Hajara ta karɓi zamzam da dabino, ta leƙa bayana, ta leƙa cikin mota.

"Ina baƙon da aka kafa wa ƙusa?"

"Yana gidansu," na ce.

Na rataye magagarin a ƙusa ɗaya. Ɗayar ban cire ba, hulata nake ratayewa a kai. Jiya Faisal ya turo mini saƙon murya, ba gaisuwa ba komai, sai ƙirgen uku da Sakkwatancin da bai zauna a bakinsa ba, sai rurin inji, sai dariyar dattijo a bayansa. Na gode wa Allah da ya kai ni ɗakinsa ya dawo da ni lafiya, na gode wa Baba Hamza da ya riƙe mini hannu a ranar Laraba.