Ranar da Muka Ce Ba Mu San Zalia Ba

Ruwa ya fara tun kafin asuba, bai ɗauke ba sai da hantsi. Babbar kwatar unguwar Nima ta cika, har daga lungunmu ana jin ƙugin ta. Ran Talata ce, cikin watan Yuni, shekara biyu da suka wuce. Da rana ta fito ƙasa ta soma tururi, mata suka fito da tabarmi da katifu suna shanyawa a kan kwano. Ni ina zaune a bencina na bakin lungu, kusa da teburin Mma Shetu mai koko, na ajiye takalmina a rana ina jiran ya bushe. A ranar ne muka yi wa Zalia ɓarna, muna ganin taimako muka yi mata.

Zalia 'yar marigayi Abass tela ce. A gidan da nake haya aka haife ta, nan unguwar Maamobi a Ankara, babban birnin Ghana, ɗaki na uku in ka shiga ta hannun dama, kuma har yau nan take kwana. Tun ƙafarta ba ta kai fedar keke ba take zama gefen ubanta tana saka masa zare a allura, don idonsa ya yi rauni da wuri. Makaranta kaɗan ta yi, ko da yake ta fi ni. Da uban ya rasu bai bar komai ba sai tsohon keken ɗinkinsa baƙi. Da shi ta fara a baranda, tana ɗinka hijabi da rigunan yara, tana kai wa mata a Kasuwar Malam Atta. Mijinta direban babbar mota ne, rabin wata yana hanyar arewa, don haka ita ce gidan. A hankali ta kama shago a bakin titi, ta kai kekuna bakwai da mata shida masu yi mata aiki. In Zalia ta ce maka Alhamis, to Alhamis ce. Ba ta cin bashi, ba ta kuma faɗa wa kowa abin da take shiryawa sai ya tabbata. Faɗa gare ta in an yanka yadi ba daidai ba, wannan kam duk titin sun sani.

A waccan shekarar wata makaranta a Alajo, mai haɗa Islamiyya da boko, ta neme ta da ɗinkin kayan yara sama da ɗari huɗu, na shekara uku a jere. Aikin da zai sa ta ƙara ɗaukar mata ne, ta daina jiran Sallah kafin shago ya cika. Amma sun sa sharaɗi. Kowace riga sai da bajon makaranta a ƙirji, aikin injin surfani mai kwamfuta, kuma suna son tela mai injin kansa. Suka ce kafin ƙarshen Yuli ta nuna musu inji ko takardar sayensa, in ba haka ba su ba wani.

Sabon inji ya fi ƙarfinta. Sai ta ji wata masana'anta a ƙasar waje ta rufe, ana gwanjon injinanta ta intanet. Kuɗin tana da shi a banki. Amma masu gwanjon ba sa barin mutum ya shiga sai da katin bashi na banki, wanda banki ke biya maka kai kuma ka biya shi daga baya. Katin cire kuɗin da take da shi ba sa karɓa. Ta tambayi malamin unguwa, ya ce in za ta biya kafin wata ya cika, babu ƙarin da zai hau kanta, ta je ta nema. Ta cike takardu ta kai. Duk wannan daga baya na ji shi. A lokacin ko Mma Shetu ba ta sani ba.

To, ranar ruwan nan sai ga wani mutum, riga fara da wando baƙi, ya naɗe ƙafar wandon don taɓo, takarda a hannu ɗaya, waya a ɗaya. Yana duba wayar yana duba gidaje. Ya tsaya a gabanmu ya gaishe mu da Turanci, ya ga ba mu motsa ba, ya koma yaren Tuwi.

"Baba, don Allah nan ne gidan Zalia Abass?"

Na ce, "Wa ya aiko ka?"

Ya ce daga ofis yake, an ce ya tabbatar ko nan take zaune. Na ce wane ofis? Ya ce ba a ba shi izinin faɗa wa kowa ba sai ita.

Na dubi Mma Shetu, ta dube ni. Ta ci gaba da juya kokonta.

"Zalia? Ni shekarata arba'in a bakin lungun nan, ban taɓa jin sunan ba. Za ka sha koko?"

Ya nuna mata wayar, ya ce alamar ta tsaya daidai kan wannan gida. Ta ce to wayarsa ta sha ruwa. Ya leƙa cikin gidan, ya tambayi Sumaila mai gyaran rediyo, Sumaila ya ce ya gwada Nima ta can ƙasa. Ya tambayi mata biyu masu wanki, suka ce su baƙi ne. Daga inda yake tsaye ana hango hijaban da Zalia ta shanya a igiya. Ya dawo wurina.

"Baba, kai babba ne. Babu wannan matar a nan?"

Na ce, "Babu, ɗana."

Ya rubuta wani abu, ya ɗauki hoton ƙofa, ya tafi.

Mun san wadda yake nufi sarai. Wanda ba a Zongo, unguwannin baƙi irin tamu, ya tashi ba zai ce mugunta ce, don haka bari in faɗi inda abin ya samo asali. A shekarar 1969 gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin sati biyu. Ina da shekara goma sha tara. Na ga mutanen da a nan aka yanke musu cibiya an loda su a manyan motoci da tukwanensu. Abass a Ankara aka haife shi, amma ubansa daga Nijar ya zo, kuma ba shi da takarda ko ɗaya. Ni ubana tsohon soja ne, takardunmu a cike suke, shi ya sa manyan gida suka tsayar da ni a ƙofa. Mutum biyu suka zo da littafi suna tambayar Abass tela. Yana cikin ɗakin baya, shi da kekensa, an rufe su da buhunan gawayi. Na ce babu shi, ya tafi tun makon jiya. Suka wuce. Da na ce yana nan, da ba a haifi Zalia a gidan nan ba. Tun daga lokacin, in baƙo ya zo da takarda yana tambayar wani bai faɗi dalili ba, ba mu san kowa ba. Ba wanda ya taɓa koya wa yaranmu wannan, amma duk sun iya.

Muka kuma yi shawara ba za mu gaya mata ba, kada hankalinta ya tashi tana tsakiyar aiki.

Bayan sati ɗaya saƙo ya zo mata a waya cewa ba a amince da katin ba. Ba su faɗi dalili ba. Na ga ta rage cin abinci. Tana wucewa ta gabana da safe, gaisuwa a taƙaice. Ta yi ta zarya bankin, kowa da abin da yake gaya mata a layi. Wani ya ce don ba ta taɓa cin bashi ba ne, banki ba su da abin da za su auna ta da shi. Wata ta ce don yawancin cinikinta ta waya yake shiga, ba ta banki ba. Wani ya ce mai aikin kansa ba ya samu sai mai albashi. Duk ana hana mutane saboda waɗannan, amma ita ba su ne suka hana ta ba. A zuwa na huɗu ta zauna gaban wata ma'aikaciya ta ce ba za ta tashi ba sai an gaya mata. Matar ta duba, ta ce, "Madam, kuɗinki lafiya lau. An aika mutum gidanki, mutum biyar suka ce ba a san ki a can ba. Har da wani dattijo."

Da la'asar ta zo ta tsaya a gabana, ba ta ko ajiye jaka ba.

"Baba Ya'u, ashe ba ka san ni ba?"

Kafin in amsa ta ci gaba.

"Kai da ka yi mini huɗuba a kunne? Mma Shetu, ke ma? Shekara nawa ina shan kokon nan naki mai ruwa-ruwa?"

Mma Shetu ta ce, "Kokona ba ruwa-ruwa ba ne. Kuma ke wa kika gaya wa? Mutum ya zo da takarda yana ɓoye sunan ofis, so kike mu ɗauko ki mu miƙa masa?"

"Banki ne, Mma! Ni na kira su!"

"To a goshinsa aka rubuta?"

Zalia ta zauna a ƙarshen bencina. Na ɗauka kuka za ta yi, sai na ga tana dariya tana share ido. Ta san labarin buhunan gawayi, ubanta ya sha ba ta. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Baba, ba yafiya nake nema ba yanzu, saura mini sati biyar. Sun ce in sake nema, za su sake aiko mutum, amma ba za su faɗi rana ba. Ina so duk lungun nan ya san ni."

Abin da ta fi ƙi a duniya shi ta yi. Ta bi ɗaki ɗaki, gida gida, tana faɗa wa mutane sirrinta: makarantar Alajo, injin, katin, komai. Ta sa aka rubuta sunanta da fenti shuɗi a bango. Liman ya faɗa bayan sallar Magariba cewa duk wanda ya zo neman Zalia Abass a kai shi, da izininta.

Sai abin ya wuce gona... a'a, bari in ce sai mutane suka zarce. Mai karanta mitar wuta ya shigo, kafin ya buɗe baki Sumaila ya riƙe masa hannu har ƙofar Zalia. Matan allurar rigakafi, su ma can aka kai su. Wasu masu wa'azin coci biyu da jakunkuna sun sha mamaki, aka zaunar da su a baranda, aka ba su ruwan sanyi, kowa na rantse musu cewa nan take zaune tun haihuwa. Mma Shetu kuwa duk mai farar riga sai ta ɗaga murya, "Zalia kake nema? Ni na yi mata wankan jego!"

Ni ban bar bencin ba. Ko masallaci zan je sai na bar wa Mma Shetu sallahu. Kwana goma sha ɗaya muna jira, Zalia na ƙirga ranaku, gwanjon na matsowa. A na sha biyu, da azahar, sai ga shi. Shi ɗin ne dai, da wayarsa. Ya gan ni ya tsaya.

"Baba, ba kai ne ka ce mini babu ta ba?"

Na ce, "Ni ne. Ƙarya na yi maka, ɗana. Zo in kai ka."

Na sa takalmi na shige gaba. Na nuna masa ɗakin, na nuna masa tsohon keken Abass a baranda, na ce a nan aka haife ta, ubanta ma a nan ya rasu. Aka kira ta daga shago ta zo da katin shaidarta na Ghana a hannu, zare a jikin mayafinta. Ya duba, ya ɗauki hoto. Da zai fita ya tambaye ni me ya sa muka yi haka wancan karon. Na ba shi labarin 1969 a tsaye, a taƙaice. Ya ce kakarsa ta taɓa ba shi labarin maƙwabtansu da aka kwashe, ba su sake jin ɗuriyarsu ba. Mma Shetu ta zuba masa koko a leda, wannan karon ya karɓa.

Katin ya fito saura kwana shida a rufe gwanjon. Injin da ta fara sa wa ido wani ya riga ta, sai ta sami ƙarami. Ta kai wa makarantar Alajo takardar sayen ranar ashirin da tara ga Yuli, suka sa hannu. Injin bai iso ba sai Oktoba, don haka bajon zangon farko wurin wani mai inji a Kokomlemle ta kai, ya cinye mata kusan duk ribar. Ba ta taɓa ɗora mini wannan ba, sai dai in tana son tsokana ta ce, "Baba Ya'u, yau ka san ni?"

Halinmu na bakin lungu bai mutu ba, kuma ban ce ya mutu ba. Abin da ya canja shi ne yanzu in baƙo ya zo da takarda, mukan ce ya zauna, mu aika a tambayi mai sunan ko yana son a same shi.

Zalia tana nan a shagonta na bakin titin Maamobi. Mata tara ke mata aiki, injin yana ɗakin ciki, makarantu uku take ɗinka wa yanzu, kuma sunanta na nan a bangon gidanmu da fenti shuɗi.