Mai Kafa Turaku a Gaɓar Dimarha

Kullum idan aka idar da sallar asuba a ƙauyenmu Dimarha, sauran maza kan nufi kwale-kwalensu ko su koma su ɗan ƙara barci. Shi kuwa Ammu Jum'an, wato baffa Jum'an, gaɓar teku yake gangarawa, turaku shida a kafaɗa, guntayen busasshen reshen dabino a ƙulle cikin zanensa. Sai ya jira gari ya yi haske, ya wurga guntu ɗaya cikin ruwa, ya bi shi da ido. Ya matsa gaba ya wurga wani. Inda guntun ya yi ta lilo har ya dawo kan yashi, nan ne wurin wanka. Inda ya miƙe ya nufi tsakiya bai waiwayo ba, nan ruwa yake ja, kuma abin da ya ja guntun dabino zai ja ɗan mutum. Daga nan ya kafa turakunsa masu jan ƙyalle a ka, uku nan uku can, tsakaninsu kaɗai aka yarda a shiga. Sannan ya hau rumfarsa ya hura wuta kafin baƙi su tashi.

Shekara arba'in da ɗaya yana wannan aiki. Babu wanda ya naɗa shi, babu wanda ya taɓa miƙa masa takardar yabo. A duk shekarun nan teku bai ci mutum ko ɗaya a gaɓarmu ba, alhali kowa a tsibirin nan na Sukutra ya san irin halin ruwanmu.

Abin haushin shi ne, su baƙin da ke kwaso iyalansu daga Mukalla da Adan su zo hutu, a wurinsu mai gasa kifi ne kawai. Ba na musun kifin. Idan ya tsaga shi ya shafe da tsamiya da barkono da gishirin da mata ke kankarowa a duwatsu, ya rufe shi a ramin garwashi, har mai azumi sai ya sake hanya. To amma sai ka ga mutum ya ɗauki hoton kifin sau goma, bai ko kalli turakun da suka sa 'ya'yansa suka fito daga ruwa da ransu ba.

Ba shi da sanyin baki, wannan kam gaskiya ce. Masunta har yau suna ba da labarin ranar da wani babban mutum ya zo da motoci uku, ya ce shi wajen turaku zai shiga, don can ne babu hayaniya. Ammu Jum'an ya sha gabansa da wuƙar fiɗar kifi a hannu, ya ce, "Ya shaikh, ni na san ko kai wane ne. Tekun ne bai sani ba." Mutumin ya yi ta kumfar baki, amma tsakanin turakun ya shiga kamar kowa, kuma da azahar kifi biyu ya cinye.

A watannin iska na bara, lokacin da teku ke rufewa babu mai shiga babu mai fita, idonsa ya fara mutuwa. Ya ɓoye wa kowa. Ya faki ido ya je Hadibo, babban garin tsibirin, likita ya duba ya ce abin da ya tafi ya tafi, saura kuma yana kan hanya. Ya dawo ya ce wa mutane haƙori ya je cirewa. 'Ya'yansa maza biyu suna can Salala suna tuƙin mota, matarsa ta daɗe da rasuwa, don haka babu mai lura da yadda yake laluben butarsa.

Iska ta kwanta, baƙi suka fara zuwa, kuma wannan ne lokaci mafi haɗari a shekara. Wata huɗu ruwa yana ta juya yashin ƙasa, inda aka yi wanka lafiya bara sai ya zama rami bana. Iyalin farko da suka sauka na Awad Bahashwan ne, ma'aikacin tashar jiragen ruwa a Mukalla, da matarsa Intisar, da 'ya'yansu Rahaf da Mazin, da tsohuwarsa da yaran ke kira Hababa. Awad yana da shekara goma mahaifinsa ya kawo shi nan, kuma Ammu Jum'an ne ya sa masa tafin hannu a ciki ya koya masa iyo. Mahaifin ya rasu. Shekara da shekaru Awad yana cika wa yaransa kunne da labarin gaɓar nan da tsohon nan, har Allah ya sa ya sami hutun kwana huɗu.

Washegari da asuba Ammu Jum'an ya gangara shi kaɗai, ya wurga guntun dabino. Ya ji ƙarar faɗuwarsa, bai ga komai ba sai wani fari-fari. Ya shiga ruwan har ƙugu ko ƙafa za ta gaya masa. Ya ji ja a wuri biyu, na ukun ya kasa tabbatarwa. Ƙafa abin da ke ƙarƙashinta kawai take sani, ido ne ke faɗin abin da ke jiran yaro taku ashirin a gaba. Idan ya kafa turaku da ka, watakila ya dace, watakila kuma shi da hannunsa ya nuna wa yara kabarinsu. Idan kuma ya ce ya makance, daga ranar maganarsa ta zama ta tsoho mai rigima, kowa ya shiga inda ya ga dama. Ya daɗe a tsaye yana rawar sanyi, sannan ya saɓa turakunsa ya koma da su.

Sai ya yi abin da ya rage masa, ya tsare su da abinci. A wurinmu baƙo ba ya tashi daga tabarma sai mai gida ya ɗauke farantin ƙarshe, kuma dokarsa ce tun fil azal cewa mai cikakken ciki ba ya shiga ruwa. Ranar farko ya ce tekun bai huce ba tukuna, ya jera musu gurasa mai zafi da man shanu da zumar dutse, kafin su narkar da wannan ga kifi, kafin su wanke hannu ga kaguwa. Yaran suka wuni rungume da tayoyinsu na roba da aka hura tun a gida, suna kallon ruwa.

Rana ta biyu ya yanka musu akuya, ita kaɗai ce ta rage masa, ita ce ma mai ba shi nonon shayi. Wanda aka yanka wa dabba a nan ya san ya zaunu. Ƙashi da romo za a fara kawowa, sai an gwaigwaye su tas a kawo tsoka, sannan shinkafa, sannan shayi. Ammu Jum'an ya ja abin nan tun hantsi har la'asar sakaliya. Yana fiɗa yana yanke yatsa, yana ɓoye hannun a bayan zane. Awad kuwa sai murna yake yi, yana cewa yara su ga karamcin mutanen da.

A rana ta uku haƙurin Intisar ya ƙare. Ba ta ko rage murya ba ta ce wa mijinta, "Abu Mazin, wai teku ka kawo mu ko kiwo? Ni zanena ya daina zagaya ni, yaran nan kuma ko tafin ƙafarsu bai jiƙe ba. Gobe fa jirgi." Rahaf ta fashe da kuka, ta ce a makaranta ta riga ta gaya wa kowa za ta dawo ta iya iyo.

Awad ya ji kunya. Cikin ladabi ya roƙi tsohon ko da wurga dabinon ne ya yi a gaban yara, su ga abin da aka daɗe ana ba su labari. Babu hanyar ƙi. Suka gangara gaba ɗaya, ya wurga. Yaran suka bi guntun da gudu ta hannun hagu suna nuna shi da yatsa. Shi kuwa ya tsaya ƙyam, ya ƙura wa dama ido, yana gyaɗa kai kamar mai karatu.

Hababa ce ta gani. Ta matso kusa da shi yadda yara ba za su ji ba, ta ce, "Jum'an, tun yaushe?"

Ya ce, "Tun tsakiyar iska."

"Shi ne ka yanka mana akuyarka."

"Da me zan riƙe ku, ya hajja?"

Da Awad ya fahimta, sai hawaye. Ya ce ai abin mai sauƙi ne, shi zai zama idon, Ammu ya yi fassara. Tsohon bai so ba, amma ya gwada, don shi ma ransa ya biya. Ya wurga, Awad ya ce ya yi hagu. Ya tambaye shi da sauri ko a hankali, Awad ya ce tsaka-tsaki. Ya tambaye shi kumfar da ke bayan guntun a tattare take ko a warwatse, Awad ya ce kamar duka biyun.

"To ruwan wurin, wane launi ne?"

"Shuɗi, ya ammi."

"Wane shuɗin?"

Awad ya duba, ya sake dubawa. Mutum ne mai digiri, kullum a bakin teku yake aiki, amma shuɗi ɗaya ya gani. Ammu Jum'an ya zauna a kan yashi ya ce a bar shi haka, ba zai kafa ba. Iyakar abin da yaran suka samu, ya riƙe hannun kowannensu gam, ya shiga da su zuwa idon sawu, suka tsaya raƙuman ruwa suna lasar ƙafafunsu. Mazin ya tambaye shi ko wannan ne iyon, ya ce masa a'a. Washegari suka sace iskar tayoyinsu suka tafi.

Ammu Jum'an, kai ne ka zaɓi yara su tafi suna jin haushinka a kan su tafi a naɗe cikin likkafani. Kai ne ka ƙi yin ƙarya da turke ko sau ɗaya, a ranar da babu mai iya kama ka. Garkuwar 'ya'yan mutane, akwai magidanta a Mukalla da Adan da suke da jikoki yau saboda ihun da ka taɓa yi musu, kuma ko sunanka ba su riƙe ba. Mu da muka riƙe, mun gode. Allah ya saka maka da hasken da ya fi wanda ka rasa.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya tsohon ya miƙe a masallaci ya faɗi gaskiya da bakinsa. Ya ce ya ajiye aiki. Ya ce abu ɗaya yake roƙo, a sami mai ido ya zo ya tsaya kusa da shi shekara biyu ko uku, ya juye masa abin da ke kansa tun yana da sauran numfashi. Aka yi ta kabbara, aka yi ta "in sha Allahu". Yau wata bakwai ke nan. Samarinmu sun fi son tuƙa baƙi zuwa kan duwatsu, can ne ake ɗaukar su hoto. 'Ya'yansa sun aiko masa da baƙin tabarau. Ni kaina mai wannan surutu na je kwana tara, na ga har yanzu shuɗi ɗaya nake gani, sanyin asuba kuma ya dame ni, na daina. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka aka yi.

Abin da ya ji tsoro kuwa ya faru. Baƙi yanzu inda suka ga dama suke shiga, idan ya ɗaga murya daga rumfa sai su ce wa juna tsohon ba ya gani. Sau biyu masunta suna tsamo mutum da kyar. Har yanzu ba mu yi jana'iza ba, kuma babu wanda ya isa ya ce dabararmu ce.

Don haka ba tafi nake nema masa ba, ya wuce nan. Idan akwai mai karanta wannan da yake da ido biyu da haƙurin tashin asuba, ya zo Dimarha. Ba a bukatar takarda. Turakun suna nan jingine a bayan rumfa, jan ƙyallen ya fara koɗewa. Iska ta kusa tasowa, idan ta kwanta kuma iyalai za su dawo da yaransu da tayoyinsu na roba.

Wurin samunsa ba wuya. Har yau idan aka idar da asuba yana lalubawa ya gangara da sandarsa, ya jira har ya ji ɗumin rana a fuska, ya kwance zanensa ya wurga guntun dabino. Idan ya ji ya faɗa ruwa, sai ya ɗan juya kai gefe ya ce, "Ina ya yi?"

Jiya na hango shi daga kan tudu. Sau shida ya tambaya.