Jinin Kafinta

Shekara talatin kafintan nan yana aiki a rumfarsa, bai taka gidan ubansa ba. Wata takardar asibiti ce ta jawo: ta nuna rukunin jininsa O, na uban kuwa AB. Yayansa ya zaga dangi da ita yana cewa AB ba ya haifar O, wannan shege ne.

Da ciwo ya kwantar da yayan, duk jinin da aka gwada sai ya ƙi dacewa da nasa. Likita ta ce irin jinin nan ne mai wuyar samu, wanda ke ɓoye rukunin mutum na gaskiya ya fito kamar O, kuma daga uwa da uba ake gadonsa. A nemo ɗan uwansa.

Matar yayan ta iske kafinta yana goge katako.

"Ni ina da wa ne?" in ji shi.

Duk da haka ya je, jinin kuma ya dace. Da aka zare allurar, aka ce yayan yana kiransa. Ya sauke hannun rigarsa.

"Ya tara dangi ya janye maganarsa tukuna. Kafin nan, ya ji yadda jinin shege yake a jiki."