Kalanguna Ya Tare Muryar Bawa

Shekara tara ke nan da muka kai Bawa makwancinsa a Djougou. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ne mawaƙin ƙungiyarmu, ni kuma mai kalangu. Ban yi boko mai zurfi ba, don haka zan faɗi abin yadda yake: tsoro nake ji, kuma ni na jawo.

Bawa ba ya gaggawa. Waƙarsa guda takan cinye fuskar kaset sukutum, rabin awa. Sai na yi minti uku ina kiɗa ni kaɗai, yana tsaye yana kallon jama'a, kafin ya buɗe baki. Daga nan ya bi gidajen fataken goro ɗaya bayan ɗaya, wane ɗan wane, har ya iso kan wanda ke zaune gabansa. A wancan lokacin, da wasiƙun masu saurare ne gidan rediyo ke haɗa jerin waƙoƙi goma na mako, kuma direbobin kamiyo, wato manyan motocin kaya, ba su taɓa bari mun faɗo ba.

Yanzu latsa waya ake ƙirgawa. An latsa, an ƙirga ɗaya, ko waƙar minti biyu ce ko ta rabin awa. Direbobinmu kuwa a katin memori suke tura wa juna, ba mai ƙirga su. Bara wani mai sutudiyo a Ladjifarani, nan Parakou, ya ce mini, “Malam Sani, c'est simple, abu mai sauƙi. A yanka waƙar Bawa guda gida goma, a ƙirga muku goma.” Na ce yanka. Ban shawarci kowa ba. Na gaji da jin ana cewa tare da Bawa aka binne mu.

Mun koma jerin, na bakwai. Amma yanki ɗaya ne ya shiga, na farko, kalanguna zalla. Shi ake ɗorawa a bidiyon rawa. Sauran taran suna can ba mai taɓawa.

A wani biki a Djougou Hajiya Lami ta tare ni. Sunan mahaifinta yana can tsakiyar waƙar. Ta ce, “Kai Sani, ina ka kai babana? Na latsa, ka gama hayaniyarka, sai wata ta kama waƙa da Faransanci.”

Da Bawa na nan ba zai yi faɗa ba. Kallon nan zai yi mini, wanda yake yi idan na yi saurin kiɗa.

Na koma wurin mai sutudiyon na ce a haɗa ta yadda take. Aka haɗa, muka fita daga jerin cikin mako guda. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne layin da mai sutudiyon ya nuna mini a kwamfutarsa, mai nuna inda mutane ke daina saurare. Yana tafiya a sama, a sama, sai ya faɗi tim. Na ce ya kunna mini daidai wurin. Numfashin Bawa ne, wanda yake ja kafin kalmar farko.

To me ya rage na yayana? Komai na nan. Muryarsa, sunayen gidajen, ko ɗaya bai ɓace ba. Yana tsaye a bayan kiɗana yana jira, kamar yadda ya saba, jama'a kuwa na watsewa kafin ya fara. Allah Ya jiƙan ka, Yaya. Da na san ni zan tsaya tsakaninka da mutane, wallahi da na gajarta kiɗan.