Ruwan Janairun da Ya Cinye Garken Heaika

A cikin tanti aka haifi Heaika Utsi, a tudun Finnmark, can arewa mai nisa, ƙasar ƙanƙara, kuma kiwon barewar ƙasar sanyi ya tashi ya tarar ana yi a gidansu. Da bazara sukan kora garke bakin teku, inda ruwan sama ba ya hutawa. Sanyi na kamawa sai su dawo tudu, don dusar ƙanƙarar can busasshiya ce kamar gari, barewa na tonawa da kofato ta ci gansakukar da ke ƙasa. Haka ya yi shekara arba'in. Ba shi da yawan magana, sai dai a kan dusar ƙanƙara.

Wani Janairu, lokacin da ya kamata sanyi ya kai maƙura, sai iska ta juyo daga teku da ɗumi. Aka kwana biyu ana ruwa. Yayarsa Gaddja, wadda suke kiwo tare, ta leƙa waje.

"Heaika, ruwa ne wannan ko idona ne ya tsufa?"

"Idonki ya daɗe da tsufa, Yaya. Amma ruwa ne."

Ba wanda ya yi dariya. A rana ta uku sanyi ya dawo, ruwan ya daskare. Heaika ya soka sanda a dusar ƙanƙara, ta tsaya cak. Ya kawo gatari ya sara, ga gansakukar nan ana gani a ƙarƙashin ƙanƙara mai kaurin tafin hannu.

Bareyin suka yi ta tono har kofatansu suka fashe, jini ya ɓata filin. Ya yi ta jigilar buhunan abincin dabbobi daga gari, amma cikinsu bai saba ba, waɗanda suka ci ma zawo ya kayar da su. Masu ciki suka yi ɓari. Kowace safiya hankaki ne ke nuna masa inda zai je ya tarar da mushe.

"Mu yanka masu rauni tun da sauran nama a jikinsu," in ji Gaddja.

"Waɗanda na raina da hannuna?"

"To, bar wa hankaki, ɗan taurin kai."

Ya yanka, yana yi yana kawar da kai. Cikin ɗari huɗu, tamanin da bakwai suka kai Mayu. Gaddja ta koma gari wajen 'yarta. Shi kuwa ya kora ragowar zuwa teku shi kaɗai, a hankali, don da yawansu ba sa iya doguwar tafiya.