Fuskar da Ustad Nayyar Ya Ara

Shekara arba'in Ustad Nayyar ya yi yana zanen allunan tallar fim a wata silima a birnin Kanpur na Indiya, amma allo ɗaya ne ya hana shi sakat. Fim ne na wani da aka ɗaure bisa ƙarya, ya fito ya ɗau fansa. Hoton ɗan wasan da ya fito a mugu bai iso ba, sai Ustad ya zana fuskar maƙwabcinsa, Kishori tela, don sun yi cacar baki a kan famfo. Unguwa ta sha dariya.

Bayan sati biyu aka kashe wani ɗan kasuwa. Shaidu uku suka rantse fuskar Kishori suka gani. Ustad ya san a allonsa suka gan ta, amma ya ja bakinsa ya tsuke.

Aka ɗaure Kishori. Shekara goma sha huɗu Ustad yana jiran wuƙar fansa, kamar a fim. Ranar da Kishori ya shigo shagonsa, ba haƙori ba gashi, burushin zane ya suɓuce wa Ustad.

"Kwantar da hankalinka, Ustad," in ji Kishori. "Zana min fuskata ta da. 'Yata ba ta san ta ba, kai kuwa na san ba ka manta ba."